Daga Duwatsun Kurfi Zuwa Kilimanjaro: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Duk wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma ta Kurfi ya san ƙasarmu ƙasar duwatsu ce. Ga su nan a bakin gonaki da bayan gari, wasu falale a baje, wasu curi-curi wani bisa wani. Ko sunan Dutsin-Ma daga dutse ya fito, domin tarihin baka ya ce wani maharbi mai suna Ma ne ya fara zama a wurin. Yaron da ya tashi a nan ya hau dutse wajen kiwo ko neman itace tun bai san akwai masu biyan kuɗi don su hau dutse ba.

Yanzu waya ta kawo mana hotunan mutane tsaye a kan Kilimanjaro, sun ƙudundune cikin rigunan sanyi suna ɗaga tutocin ƙasashensu, har da 'yan Najeriya. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ko wani ma'aikaci da Allah ya buɗa masa, yana iya gani ya ce, "Ni da na girma a kan dutse, me zai gagare ni?" Sha'awa ce mai kyau, kuma ina goyon bayanta. Sai dai abin da ke kayar da mutum a dutsen gida santsi ne da zafin rana, abin da ke kayar da shi a tsaunukan waje kuwa ƙarancin iska ne, kuma wannan babu inda jiki zai saba da shi a ƙasar nan.

Ana auna tsawon tsauni ne daga saman ruwan teku. A wannan ma'auni Kurfi da Dutsin-Ma suna wajen mita 500 zuwa 600, abin da duwatsunmu ke ƙarawa a kai kuwa bai taka kara ya karya ba. Jos tana wajen mita 1,200, tsaunukan Shere da ke kusa da ita sun kai 1,829. Mafi tsawo a Najeriya shi ne Chappal Waddi, wanda ake kira Gangirwal, a Jihar Taraba kan iyakar Kamaru, mita 2,419. A Nijar, ƙololuwar Bagzan cikin duwatsun Azbin mita 2,022 ce. Likitoci kuwa daga wajen mita 2,500 suke fara maganar ciwon tsauni. Ke nan duk faɗin Najeriya da Nijar babu tudun da ya kai inda matsalar take somawa. Sai a gwada da Dutsen Kamaru da ya haura mita 4,000, da Tubkal na Maroko mai 4,167, da Dutsen Kenya mai 5,199, da Kilimanjaro na Tanzaniya mai 5,895, da Everest mai 8,849.

Alhazanmu da suka hau Jabalun Nur don ganin Kogon Hira sun san wahalar hawa, suna kuma ba da labarin hakin da suka yi. Wannan hakin na tsayin hanya ne da zafin Makka, domin dutsen bai kai mita 700 ba. Kada wanda ya hau shi lafiya ya ɗauka ya gwada jikinsa a kan tsauni mai nisa.

Me ke faruwa da jiki a sama?

Kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa oksijin ne, a Kurfi ko a ƙololuwar Kilimanjaro. Abin da ke sauyawa nauyin iskar ne. Gwargwadon yadda mutum ya ƙara sama, gwargwadon yadda iska ke yin shara-shara, sai kowane numfashi ya shigo da oksijin kaɗan. A wajen mita 5,500, numfashi ɗaya yana kawo kusan rabin abin da yake kawowa a bakin teku. A kan Everest kusan kashi ɗaya cikin uku ne.

Allah ya yi wa jiki dabarar sabo da wannan. Numfashi yana ƙaruwa, zuciya tana ƙara bugu, ƙoda tana daidaita jini, daga baya jajayen ƙwayoyin jini su yawaita. Amma aikin kwanaki yake ci, kuma ƙarfi ba ya gaggauta shi. Ɗan ƙwallo ko ɗan dambe yana iya zubewa a mita 4,000, dattijuwar da ke takawa a hankali ta wuce shi. Sau da yawa ma majiya ƙarfin ne ke shiga matsala, saboda ƙafafunsu na iya kai su sama da saurin da jininsu bai shirya ba.

Alamar farko ta ciwon tsauni ita ce ciwon kai, yawanci bayan awa 6 zuwa 12 da isa sabon tudu. Sai tashin zuciya, kasala, jiri, rashin son abinci da rashin barci. Mu nan da mun ji ciwon kai da mutuwar jiki sai mu ce zazzaɓin cizon sauro ne, mu sha magani mu ci gaba da harkokinmu. A kan tsauni a ɗauka tsawon ne ya kawo shi, har sai an tabbatar da wani abu daban. Mai waɗannan alamu ba ya ƙara hawa. Ya tsaya inda yake ya huta, in abin ya lafa ya ci gaba, in ya ƙaru ya sauka.

Iri biyu na ciwon tsauni ne masu kisa. Na ɗaya ruwa ne ke taruwa a huhu: mutum yana zaune amma yana haki, ga tari, daga baya kaki mai kumfa, wani lokaci da jini-jini. Na biyu kumburin ƙwaƙwalwa ne: ya riƙa tangaɗi, ya ruɗe, ya yi sambatu, barci mai nauyi ya riƙa fizgarsa. Gwajinsa mai sauƙi ne. A ja layi a ƙasa a ce ya bi, dunduniya na taɓa yatsu. In ya kasa, babu sauran shawara. Dukansu biyu suna iya ɗaukar rai cikin sa'o'i, kuma babban maganinsu sauka ne nan take, ko da tsakar dare ne, ba kuma shi kaɗai ba. Saukar mita 300 zuwa 1,000 takan kawo sauƙi a fili. Ga wani abu da ya shafe mu musamman: littattafan Turawa suna cewa a duba ko fatar mutum ta yi shuɗi, alhali a baƙar fata wannan ba ya nunawa sosai. A duba harshe da dasashi da cikin leɓe. 'Yar na'urar da jagorori ke maƙala wa yatsa don auna oksijin ma takan nuna adadi sama da na gaskiya a jikin masu duhun fata, saboda haka kada lambarta ta sa a yi watsi da abin da mutum ke ji.

A nan nake jin tsoron halinmu na dauriya. An tarbiyyantar da mu a kan namiji ba ya raki, kuma wanda ya kashe kuɗi masu yawa yana jin kunyar komawa gida a ce bai kai ba. Jagoran da ke tambayar mutum safe da yamma yadda ya kwana ba gaisuwa yake yi ba, aikinsa yake yi. A faɗa masa gaskiya.

Sikila

Wannan shi ne abin da kamfanonin yawon buɗe ido ba kasafai suke tambaya ba, domin yawancin baƙinsu daga Turai da Amurka suke. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, wato yana ɗauke da ƙwayar sikila guda ɗaya. Ƙarancin oksijin da sanyi da bushewar jiki su ne ke sa jajayen ƙwayoyin jinin mai sikila su lanƙwashe su toshe jijiyoyi, kuma tsauni ya haɗa ukun gaba ɗaya. Mai SS ko SC ba shi ba hawan irin waɗannan tsaunuka. Mai AS yana rayuwarsa lafiya a gida, da yawa ma ba su san suna da shi ba, amma a sama jini yana iya toshewa a saifarsa. Alamar ita ce ciwo mai tsanani a hagun ciki ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci har ya harba zuwa kafaɗar hagu. Masu AS da dama sun hau sun sauko lafiya, amma kasadarsu ta fi ta mai AA, kuma dole su san haka tun daga gida. Gwajin dai shi ne wanda ake yi kafin aure. Kafin a nemi fasfo a yi shi, a kai wa likita sakamakon, a gaya masa inda za a je da tsawon wurin. Mai hawan jini, ciwon zuciya, asma, ciwon suga ko mai juna biyu ma sai da shawarar likita.

Akwai maganin da ke taimaka wa jiki sabo, acetazolamide, wanda aka fi sani da Diamox. Likita ne ke rubuta shi. Yana sa yawan fitsari da jin tsira-tsira a yatsu, kuma wanda jikinsa ba ya karɓar magungunan salfa sai ya faɗa tun da wuri. Taimako yake yi, ba ya ba da izinin gaggawa.

Kwanaki su ne abin saye

Ƙa'idar likitocin tsauni ita ce, da an wuce mita 3,000, kada wurin kwana na yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma a riƙa hutun yini guda bayan kowane kwana uku ko huɗu. Da rana ana iya hawa sama da haka, muddin za a sauko a kwana ƙasa.

A duba hanyar Marangu ta Kilimanjaro, wadda ake yawan tallatawa saboda arha da ɗakunan kwana. Zangon farko, Mandara, yana wajen mita 2,700, na biyu, Horombo, wajen 3,700, na uku, Kibo, wajen 4,700. Kowane dare an ƙara mita 1,000, ninki biyu na ƙa'ida. Shi ya sa tafiyar kwana biyar ta wannan hanya take mayar da mutane da yawa baya. Hanyar Machame a kwana bakwai, ko Lemosho a kwana takwas, ta fi tausaya wa jiki: ana hawa zuwa Lava Tower wajen mita 4,600 da rana, a sauko a kwana a Barranco ƙasa da 4,000. Duk wanda kuɗinsa ya ba shi zaɓi tsakanin sabuwar rigar sanyi mai tsada da ƙarin kwana ɗaya a kan hanya, ya zaɓi kwanan. Sannu ba ta hana zuwa.

Ranar hawa ƙololuwa ita ce mai wuya. Ana tashi wajen sha biyun dare daga zangon Barafu ko Kibo, a taka cikin duhu da fitilar goshi awa shida ko fiye, a isa ƙololuwar Uhuru da hantsi ko kafin nan, sannan a juyo a yi doguwar sauka a ranar. Sanyi yana ƙaruwa da wajen digiri 6 a kowace mita 1,000, kuma a daren nan yakan kai digiri 10 ƙasa da sifili ko ya wuce. Hunturunmu mafi tsanani bai kusa kai nan ba. Sutura hawa-hawa ake sawa: ta ciki wadda ba ta riƙe gumi, ta tsakiya mai ɗumi, ta waje mai tare iska da ruwa. Auduga ba ta da amfani a nan, domin in ta jiƙe da gumi sanyi take ƙarawa. Safar hannu, hular sanyi, jakar barci mai kauri da baƙin tabarau duk dole ne, saboda hasken rana a kan ƙanƙara yana ƙona ido. Ana samun wasu kayan a gwanjon Ƙofar Wambai a Kano, sauran a yi hayarsu a Moshi ko Arusha, can Tanzaniya. Takalmi ne kawai bai kamata a yi hayarsa ba. A saye shi tun da watanni a yi ta yawo da shi har ya saba da ƙafa.

Lokacin da ya fi dacewa da Kilimanjaro shi ne Janairu zuwa farkon Maris, da kuma Yuni zuwa Oktoba. Doka ba ta yarda a hau ba sai da jagora mai lasisi. Kuɗin kamfani yakan kama daga wajen dala 2,000 zuwa sama, ban da jirgi da biza, kuma kaso mai tsoka na kuɗin shiga gandun ne da hukuma ta yanka. Saboda haka wanda ya zo da farashi mai arha ƙwarai, a wani wuri ya rage: a kwanaki, a abinci, ko a haƙƙin 'yan dako. 'Yan dakon nan su ne ke ɗaukar tanti da abinci da ruwa, kilo 20 kowane mutum bisa ƙa'ida, su riga baƙo isa zango su kafa masa wurin kwana. Kyautar da ake ba su a ƙarshe tana cikin lissafin tafiya tun farko, kuma a ganina wanda ba zai iya fitar da ita ba bai gama tara kuɗin tafiya ba. Kada a tura wa wanda aka sani a intanet kawai dukkan kuɗi. A yanki inshora wadda ta ambaci hawa har mita 6,000 da ɗauko marar lafiya da jirgi mai saukar ungulu, domin inshorar tafiya ta yau da kullum ba ta ɗaukar wannan.

Takardu kuwa a fara su da wuri. Mai fasfon Najeriya ba ya samun bizar Tanzaniya ko ta Nepal a filin jirgi, sai ya nema tun yana gida, kuma takan ɗauki lokaci. Katin rigakafin shawara ma a riƙe shi.

Game da ibada, matafiyi yana da ƙasaru, kuma akwai hukuncin taimama da na shafa a kan huffi idan sanyi ya yi tsanani. A zauna da malami a fahimce su kafin tafiya. Kada a sa tafiyar cikin azumi, domin mai hawa yana buƙatar lita uku zuwa huɗu na ruwa a yini. A kuma gaya wa kamfani tun farko cewa abincin halal ake so.

Wanda yake son ya gwada jikinsa kafin Kilimanjaro, Tubkal ya fi sauƙin kuɗi da kwanaki. Daga ƙauyen Imlil kusa da Marrakesh ake tashi, a kwana a wajen mita 3,200, da jagora bisa doka, kuma cikin Musulmi ake. Dutsen Kamaru ya fi kusa da mu, amma garin Buea da ke gindinsa yana yankin da ake rikici tun 2017. Everest kuwa wani aiki ne daban. Tun da Edmund Hillary da Tenzing Norgay suka fara kaiwa a 1953, sai a 2003 baƙar fatar Afirka na farko, Sibusiso Vilane, ya taka ƙololuwarsa, mace kuma sai Saray Khumalo a 2019. Yana buƙatar shekaru na koyo da dukiya mai yawa. Abin da mutum irinmu zai iya sa wa rai shi ne tattaki zuwa sansanin gindinsa a Nepal, mita 5,364, wanda shi ma duk ƙa'idojin da na ambata suna hawa kansa.

Duwatsun gida

Dutsen gida ba zai koya wa jini sabo da ƙarancin iska ba, amma zai gina ƙafa da gwiwa da haƙuri. Wata uku na tafiyar ƙasa da jakar goyo mai ɗan nauyi, awa uku ko huɗu sau biyu a mako, da hawa da sauka, shiri ne na gaske. Dala a Kano da Kufena a Zariya sun isa wurin farawa. A Shere akwai makarantar horo ta Man O' War inda ake koyar da hawa da igiya. Gangirwal yana cikin gandun Gashaka-Gumti, mafi girma a ƙasar nan, mai hedikwata a Serti. Tafiyar kwanaki ce tare da jami'an gandu, a lokacin rani, kuma ita ce mafi kama da abin da za a tarar a waje.

A nan Kurfi da Dutsin-Ma, lokacin hawa shi ne daga ƙarshen kaka zuwa ƙarshen hunturu, a fita bayan sallar asuba a sauko kafin rana ta take. A bazara dutse yana ɗaukar zafin da zai ƙona tafin hannu. Da damina gansakuka tana mayar da falale santsi tsantsa, ga tsawa da ke neman wuri mafi tudu. Da an ga hadari ya haɗo a sauka, kada a fake a bakin kogo ko gindin itacen da ke tsaye shi kaɗai. Silifas ba takalmin dutse ba ne, a sa kambas mai kama ƙasa. Sauka ta fi hawa haɗari, don haka kada a hau inda ba a ga hanyar saukowa ba. Igiyar guga ba a yi ta don ɗaukar mutum ba. Kada kuma a ja da baya zuwa bakin dutse saboda hoto.

Ƙudan zuma suna yin gida a tsagar dutse, ƙamshi da hayaniya suna tayar da su. Ranar hawa a haƙura da turare, a hana yara jifa. Kada a zura hannu inda ido bai gani ba, domin wurin kunama da kububuwa ne. In maciji ya sari wani, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wurin tamau. A cire zobe ko agogo, a hana shi motsa gaɓar, a ɗauke shi zuwa babban asibitin Kurfi ko na Dutsin-Ma ba tare da tsayawa neman na gargajiya ba. Inda ake fasa dutse da nakiya kuma a tambayi lokacin aikinsu.

Sai babbar magana, wato tsaro. Kowa ya san abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukan Kurfi, Dutsin-Ma, Safana da Batsari, waɗanda ke kusa da dajin Rugu, kuma yanayin yana sauyawa daga mako zuwa mako. Dutsen da aka hau lafiya bara ba lalle ya hawu bana ba. A tsaya ga duwatsun da ke jikin gari. Baƙo ya fara zuwa wurin mai unguwa ko dagaci ya gabatar da kansa, ya ce, "Ranka ya daɗe, mun zo ne muna son hawa dutsen nan, ko akwai hali?" Ya nemi a haɗa shi da ɗan gari wanda ya san hanya, ya kuma biya shi ladansa. Kada a tafi mutum ɗaya, kada a sanar da wuri da lokaci a Facebook kafin a je, a bar wa na gida labarin inda aka nufa da lokacin dawowa. Ɗaliban da ke shirya fita a ƙungiyance su sanar da hukumar makaranta da jami'an tsaro. In mutanen gari suka ce yau ba a hawa, don Allah ku juya.